Jakar Jariri: Abin da Za a Sa, Abin da Za a Bari

A wannan fitowa maganarmu da masu jego ce, da angwayen ƙarni, da masu cikin da watansu ya kusa, da kakannin da ke taya reno. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa.

A gida, in mace ta haihu, ba ta rasa mai kama mata. Ga uwa, ga gwaggo, ga ungozoma a unguwa, kayan jariri kuma suna jere a akwati. Mai jego takan yi kwana arba'in ba ta taka ƙofar gida ba. A nan zango ba ta samun wannan hutu. Yau layin rajista, gobe layin rabon abinci, jibi awon jariri a asibiti, kuma kowane layi yana iya cin rabin yini. Jariri kuwa ba ya jiran a koma tanti kafin ya yi kashi. Sabon haihuwa yakan ɓata jikinsa sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare.

Shi ya sa muke ba kowane iyali shawara ɗaya: a ware jaka guda ta jariri, a cika ta, a rataye ta wuri ɗaya da kowa ya sani, a ɗauke ta duk inda za a je da shi. Shirin zaune ya fi na tsaye.

Me ya sa abin ya kai a rubuta?

Dalili na farko zawo ne. Mutane da yawa sun ɗauka kashin jariri ba ƙazanta ba ne, tunda nono kawai yake sha. Ma'aikatan lafiya sun ce yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, kuma ya fi saurin yaɗuwa don ba a ƙyamarsa. Uwa ta goge yaro, ta goge hannu a zani, ta ba da nono, ta miƙa wa wansa ƙosai. Ta haka cuta ke tashi daga tsumma ta shiga baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zawo yana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da dubu ɗari huɗu a kowace shekara. Inda jama'a suka cunkushe suna amfani da famfo ɗaya da masai ɗaya, zawon yaro ɗaya ba ya tsayawa a tanti ɗaya. In ruwa da sabulu suna cikin jaka, an tare wannan hanya tun daga tushe.

Dalili na biyu shi ne wurin da muke. Malanbil a bakin kogin Kwara take, daura da Gaya, kuma kogin Sota yana zuba a cikinsa nan kusa. Kogin yakan cika sau biyu: da damina, wajen Agusta da Satumba, sannan da sanyi, lokacin da ruwan da ya taso daga ƙasar Gini ya iso. A ambaliyar 2010, wadda ta shafi yawancin ƙasar Benin, Malanbil da Karimama suna cikin wuraren da ruwa ya ci gidaje da gonaki. Ruwa in ya zo da dare ba ya ba da lokacin neman kaya. Yawancinmu a nan mun san abin da ake nufi da tashi ba shiri, mun kuma san abin da aka baro a baya. Uwa da goyo a baya da yaro a hannu, jaka ɗaya kawai za ta iya ɗauka.

Wace irin jaka?

Ba sai an saya ba. Tsohuwar jakar makaranta ta isa, ko buhun shinkafa da aka wanke aka ɗinka masa hannu, ko ƙaramin bokiti mai murfi. Abu uku ake so: ta rufu don ƙuda da ƙura, ta wanku, ta ratayu a kafaɗa don hannu biyu su zama a sake. Bokiti mai murfi yana da amfani biyu, don ana iya jiƙa wanki a cikinsa, amma jaka ta fi sauƙin ɗauka a kan kabu-kabu ko cikin kwale-kwale. A rataye ta sama, kusa da ƙofa, inda ɓera da damshi da ƙananan yara ba za su kai ba.

Cikinta a raba gida uku da leda: kayan tsabta, kayan da suka ɓaci, da takardu. Kada ɗaya ya taɓa ɗaya.

Gida na farko: kayan tsabta

Ƙyallen ɗaurawa, wato nafkin. Tsohon zanin atamfa da ya sha wanki ya fi sabo, don ya yi laushi kuma yana shan ruwa. Zani ɗaya yana ba da ƙyalle kamar shida, kowanne kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi. Leshi da yadin roba ba sa shan ruwa, suna kuma goge fata. A sa shida a jaka in za a yi rabin yini a waje. A tanti a yi ƙoƙarin tara kamar ashirin, don wasu na jiki, wasu na wanki, wasu na shanya.

Famfas yana da sauƙi, amma kuɗinsa ba ya ƙarewa. In an samu a rabo ko an saya a kasuwa, a ajiye shi don tafiya mai nisa, ko dare, ko ranar asibiti. Kuskuren da ake yawan yi shi ne barin famfas ɗaya a jikin yaro tun safe har yamma don kada a yi asara. Abin da aka tsimi a famfas sai a kashe shi a magani. Da zarar ya yi kashi a cire, in fitsari ne kada ya wuce awa uku zuwa huɗu.

Ƙananan tsummoki na gogewa, kamar goma, ko auduga. Tsumma da ruwa mai tsabta sun isa. Takardar gogewa mai ƙamshi da ake sayarwa tana iya ƙona fatar sabon haihuwa.

Shimfiɗa. Guntun leda mai kauri ko tamfol, da ƙyalle a samansa. A kanta ake kwantar da yaro, don kada bayansa ya taɓa ƙasa, kada kuma kashinsa ya taɓa tabarmar da ake cin abinci a kai.

Ruwa, gora ɗaya mai lita ɗaya, da murfi. A tafasa shi ya huce, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs. Wadda aka yi don jarka mai lita 20, ƙwaya ɗaya ake sawa, a jira minti 30. Girman ƙwayoyin ya bambanta, don haka a tambayi mai rabawa. Ruwan kogi da na kududdufi ba na wanke jariri ba ne. Wannan gora ta wanke yaro ce da hannu, uwa kuma ta riƙe nata na sha daban, don mai shayarwa tana yawan jin ƙishi.

Sabulu. A yanka guntu a sa a ƙaramin gwangwani ko roba mai murfi, ya zama na jaka kaɗai. In ya ƙare kuma babu hali, a wanke hannu da toka mai tsabta da ruwa kafin a samu wani. Toka ta hannun babba ce, ba a sa wa jariri.

Mai. Man kaɗanya mai kyau ko basilin marar ƙamshi, a shafa kaɗan a ɗuwawu da matsematsi bayan fata ta bushe. Yana hana fitsari cin fata.

Riga biyu, hula da safa, da zanin goyo da majanyi na canji. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba a bakin kogi yana saurin kama sabon haihuwa, kuma ta kai yake yawan rasa ɗumin jiki. Da bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, riga ɗaya marar nauyi ta isa, a rage wandon roba don yana dafa fata.

Gida na biyu: abin da ya ɓaci

Leda biyu ko uku masu ƙarfi. Ƙyallen da ya ɓaci a naɗe shi, ƙazantar tana ciki, a ɗaure leda, a sa a aljihun waje. In an koma, a kankare kashin a zuba a masai, wato salanga. A jiƙa ƙyallen da sabulu, a wanke, a ɗauraye sosai, don sauran omo yana sa ƙaiƙayi. Ruwan wankin ma a masai ko ramin da aka tanada za a zuba. Kada a yi wannan wanki a bakin famfo ko rijiya ko a kogi. A matsa aƙalla mita 30, wato taku arba'in ko fiye.

A shanya a igiya cikin rana. Kada a shimfiɗa a ƙasa, don akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai fitsari da kan tufafi masu damshi, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta yi kamar maruru. Wanda ke da dutsen guga ya goge ƙyallen.

Famfas ba ya ruɓewa. In aka jefa shi a masai, ramin yana saurin cika kuma kwashewa ta gagara, a bar jama'a babu wurin zagawa. A zuba kashin a masai, a naɗe famfas ɗin a ɗaure, a kai wurin shara da aka keɓe. In aka yar da shi a bayan tanti, awaki da karnuka da yara za su ja shi.

Leda tana toshe numfashi, don haka kada a bar ta kusa da fuskar jariri ko a hannun ƙaramin yaro. Bokitin jiƙon wanki kuma a rufe shi, don mai rarrafe yana iya faɗawa da ka, ruwa kaɗan ya halaka shi.

Yadda ake canzawa

A shimfiɗa leda a ƙasa mai faɗi. Kada a kwantar da yaro a kan benci a juya baya. A goge daga gaba zuwa baya, musamman 'ya mace, don kada ƙazanta ta shiga mafitsara. A bi lungunan cinya. A bar fata ta sha iska kaɗan, a shafa mai, a ɗaura sabon ƙyalle ƙasa da cibiya in ba ta faɗi ba. Sannan a wanke hannu da sabulu, ciki da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kafin a ba da nono ko a taɓa abinci. In babu mai zuba ruwa, a roƙi ta kusa a layi. Ba wadda za ta ƙi.

Lokacin canzawa lokacin dubawa ne. Kashin kwanakin farko baƙi ne mai danƙo, daga baya ya koma rawaya mai laushi, wannan ba zawo ba ne. Daga kwana biyar, jaririn da ke samun nono isasshe yana jiƙa ƙyalle sau shida ko fiye a yini da dare. In ya ragu ƙwarai, a nuna wa ma'aikacin lafiya. In fata ta yi ja, a yawaita canji, a bar shi tsirara na ɗan lokaci. In bayan kwana uku ba sauƙi, ko ta fashe, ko ƙuraje sun fito, a je asibiti.

Cibiya a bar ta a bushe, da tsabta. Takan faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Mun san akwai al'adar gashi da sa toka ko man goge baki ko wani haɗi don ta yi saurin faɗuwa, amma cibiya ƙofa ce a buɗe, ta nan cutar sarƙe-haƙora da ruɓewar jini suke shiga. In asibiti sun ba da maganin shafa wa cibiya, shi kaɗai za a sa, kuma kada ya kusanci ido.

Magani: abu biyu kawai

Gishirin zawo, wanda a asibitocin nan za ku ji ana ce masa SRO, da ƙwayar zinki. A Benin ana samunsu haɗe a kwali ɗaya mai suna Orasel-Zinc. Ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar. Zinki ana shan sa kwana 10 zuwa 14 ko da zawo ya tsaya, kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin da ya dace da watannin yaro. Nono kuma a ci gaba da bayarwa, a ƙara ma. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya yi zawo ko zazzaɓi, ba a yi masa magani a tanti, asibiti za a nufa nan take.

Abin da ba ya shiga jaka

Hoda. Tana shiga huhun jariri, tana kuma dunƙulewa a matsematsi.

Kafur. Ana sa shi cikin kaya don ƙwari, amma akwai jarirai da yawa a yankinmu da jininsu ba ya jure shi, yana fasa musu jini ya jawo shawara mai tsanani. Kayan da suka daɗe da kafur a wanke su kafin a sa wa yaro. Man zafi ma a nisanta shi da hancin jariri.

Kwalbar shayarwa. Wanke ta yadda ya kamata yana bukatar ruwa da wuta da ba mu da su a nan. Har wata shida nono kaɗai ya isa, ko da bazara, ba ruwa, ba jiƙo. Zuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba. Uwar da nono ya yi mata wuya, ko jaririn da ya rasa uwa, a kawo su ga ma'aikatan lafiya.

Magungunan tebur na kasuwa, da reza, da allura, da tsinken ɗaure nafkin marar makulli.

Gida na uku: takardu

Wannan shi ne ɓangaren da ofishinmu na kariya ya fi damuwa da shi. A sa takardu a leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, a ɗaure, a sa a aljihun ciki.

Katin lafiya, wanda ake ce wa karne. A cikinsa ake rubuta awo da rigakafi: na ranar haihuwa, na mako 6, mako 10, mako 14, da na wata 9. In iyali suka tashi zuwa Kandi ko suka koma gida, da wannan kati za a ci gaba daga inda aka tsaya. Tun 2019 ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata da damina a yankin Malanbil da Karimama. In an ba ku katinsa, a haɗa shi da karne. Maganin ba ya maye gurbin gidan sauro.

Takardar haihuwa. Wadda ake bayarwa a ɗakin haihuwa shaida ce ta farko, da ita ake neman cikakkiyar takardar hukuma. Wa'adin da doka ta sa makonni ne kaɗan, in ya wuce hanyar tana ƙara tsawo da wahala. Kada a jira sai an gama wanka. Ko a tanti aka haihu ko a hanya, a kai jariri asibiti da wuri, sannan a zo ofishinmu mu nuna hanyar. Wannan takarda ita ce ke faɗin sunan yaro, da iyayensa, da rana da wurin haihuwarsa. Yaron da aka haifa a gudun hijira ba tare da ita ba yana iya girma babu ƙasar da ta san da shi, makaranta da jarrabawa da katin ɗan ƙasa su yi masa wuya. A kuma sa sunan jariri cikin rajistar iyali don a ƙidaya shi a rabo.

Guntuwar takarda mai sunan yaro, sunan uwa da uba, da lambar tanti ko unguwa. A cunkoso ko gudu, ita ce za ta mayar da jaka, wani lokaci har da yaro, ga masu shi.

Mai waya ya ɗauki hoton kowace takarda, ya tura wa ɗan'uwan da ya amince da shi. Kada a ba kowa takarda ta asali ya tafi da ita, kada a jinginar da ita. Tun da aka rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mutane da yawa sun koma ƙetarewa a kwale-kwale. Wanda tafiya ta kama shi ta ruwa, ya ɗaura ledar takardu a jikinsa.

Aikin kowa ne

Malam angon ƙarni, cika gorar ruwa da kai shara da neman takardar haihuwa ba sa rage girman namiji. Mai jego jikinta bai gama komawa ba. In za ta masai da dare, a raka ta da tocila, wani ya zauna da jariri. Kada a tura 'yar yarinya ita kaɗai wanki ko ɗibar ruwa nesa. Iya da gwaggo, ku kuka rene mu, sanin ku muke bukata. Abin da muka ce a bari, kamar kafur da gashin cibiya, yanayin wurin nan da abin da likitoci suka gano ne suka sa.

Kowane dare kafin kwanciya a buɗe jaka a duba abu huɗu: ƙyalle, ruwa, sabulu, takardu. Abin da aka ɗauka a mayar da madadinsa. Kada a ari sabulun jaka don wankin gida.

A ɗauki jaka a tafi asibiti ko da tsakar dare in jariri ya ƙi kama nono, ko yana jijjiga, ko numfashinsa ya yi sauri ko ƙirjinsa yana faɗawa ciki, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko ya yi lakwas ba ya motsi sai an taɓa shi, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya, ko cibiya ta yi ja tana ruwa ko wari, ko an ga jini a kashi. Uwa ma, in jini ya yawaita, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kada ta daure.

Duk abin da ake rabawa a nan kyauta ne, rajista ma kyauta ce. Wanda ya nemi kuɗi ko wani abu a madadin sabulu ko famfas ko takarda, ko wane ne shi, a sanar da ofishin kariya. Ana sauraro cikin sirri, akwai ma'aikata mata, akwai mai fassara. Iyalin da ba su da ko ƙyalle ko sabulu su zo su faɗa, a ga abin da za a iya yi. Wadda kuma ta yaye nata, tana da ƙyalle da hula a ajiye, ta wanke ta miƙa wa maƙwabciyarta mai ciki.

Allah ya raya mana, ya ba masu jego lafiyar shayarwa, ya sauki masu ciki lafiya.